Birkin da ke dogaro da batir: Abin da ya kamata ka duba kafin ka sayi babban babur na hannu

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen babur na hannu ya san yadda ake yi. A kunna inji, a ja totur, a saurari ƙara, a leƙa salansa ko tana hayaƙi, a duba taya da takardu. Birki kuwa sau ɗaya ake matsa shi. In ya kama, shi ke nan, sai a koma kan ciniki.

Ga ƙananan babura irin su Boxer da Jincheng, wannan gwaji bai yi nisa da gaskiya ba, domin waya ce ko sandar ƙarfe ke jan birkinsu, kuma abin da ido ya gani shi ke nan. Amma manyan baburan da aka gama amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake lodowa a kwantena zuwa tashoshin Legas da Kwatano, lissafinsu daban ne. A cikinsu akwai waɗanda birkinsu ba ya cika ƙarfi sai da wutar lantarki. Ranar da wutar ta yi gardama, mai babur zai matsa birki ya ji kamar ya damƙi iska.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai tafiya a kan babur mai nauyin kusan kilo 250 ko fiye.

Abubuwa biyu da ake rikitawa

Masu saye da dama, har da wasu dillalai, suna ɗaukar ABS da birki mai famfon lantarki a matsayin abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin.

ABS aikinsa hana taya kullewa. A kowace taya akwai zobe mai haƙora ko ramuka, da wata 'yar na'ura da kanikawa ke kira sensa, mai ƙirga juyin tayar. Idan mai babur ya danne birki da ƙarfi har taya ta nemi daina juyawa ta fara jan ƙasa, na'urar za ta sassauta birkin ta sake kamawa, sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya. A kan babur, tayar gaba in ta kulle, faɗuwa ce ke biyo baya kusan nan take.

Amfaninsa a bayyane yake. Wani bincike da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa babura masu ABS sun fi takwarorinsu marasa shi ƙarancin shiga hatsarin da ake rasa rai da kashi 22 cikin 100. Tarayyar Turai ta fara wajabta shi a kan sabbin babura masu inji sama da cc 125 daga 2016, Indiya kuma ta wajabta shi a kan dukkan sabbin babura masu wannan girma daga 2019. Ke nan nan gaba da wuya a sauke babban babur na hannu wanda ba shi da shi.

Abin lura shi ne, idan ABS na yau da kullum ya lalace, birki yana nan. Fitilar gargaɗi za ta kama, kariyar hana kullewa ta tafi, amma hannun birki da birkin ƙafa za su ci gaba da aiki kamar na kowane babur.

Birki mai famfon lantarki, wanda masu babura a Turai ke kira servo, shi ne mai wata ɗabi'a. A nan ba ƙarfin hannunka ne ke matse tayar kai tsaye ba. Hannunka umarni yake bayarwa, sai famfon lantarki ya tura man birki da ƙarfi zuwa taya. Idan famfon ya tsaya, mafi yawan ƙarfin birkin ya tafi tare da shi.

Daga ina ya fito?

Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sa ABS a kan babur na kasuwa, a 1988, a kan samfurin K100. A 1993 ya fito da zubi na biyu. A farkon shekarun 2000 kuma ya kawo na uku mai suna Integral ABS, wanda kamfanin FTE ya ƙera masa, kuma shi ne mai famfon lantarki.

An sa shi a kan babura da yawa tsakanin 2001 da 2006. Daga ciki akwai R1150RT, wanda 'yan sanda a ƙasashe da dama suka yi amfani da shi, da R1150R, da R1150GS na shekarun ƙarshe, da K1200RS, da K1200LT, da kuma R1200GS da R1200RT na farko-farko.

Kalmar Integral tana nufin an haɗa birkin gaba da na baya. A wasu samfura, irin su GS, hannun birki yana kama tayoyin biyu, birkin ƙafa kuma tayar baya kaɗai. A kan R1150RT da K1200LT kuwa, ko wanne ka taɓa, tayoyin biyu za su kama.

Ya kamata a yi wa tsarin adalci. Idan yana da lafiya, birki ne mai ƙarfin gaske, da yatsu biyu za ka tsayar da ƙaton babur mai goyo da kaya. Akwai masu baburan da suka yi shekaru da shi ba tare da matsala ba, saboda suna kula da shi a kan lokaci. Amma ƙorafi ya yi yawa, wasu na cewa yana kamawa da gaggawa a ƙaramin gudu, wasu kuma na tsoron abin da ke faruwa in ya ɗauke. Daga samfuran 2007, kamfanin ya koma wani sabon tsari na Continental Teves wanda ba shi da wannan famfo na taimako a yawancin baburansa.

Baburan wancan zamani yanzu sun kai shekara 20 ko suna dab da kaiwa. Farashinsu ya faɗi a Turai, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu saye a can sun san cewa sabon akwatin birkin zai iya cin kuɗin da ya kusa kai darajar babur ɗin gaba ɗaya. Abin da ya yi araha a can shi ne ya fi jan hankalin mai lodi zuwa nan. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Me ke faruwa idan famfon ya tsaya?

Birkin ba ya tafiya gaba ɗaya. Masu ƙera shi sun bar wani ragowar birki da ke aiki da ƙarfin hannu. Sai dai ragowar tana buƙatar a ja hannun birki da nisa, kuma a damƙe shi da ƙarfi fiye da yadda aka saba. Wanda hannunsa ya saba da yatsu biyu, a lokacin da akuya ta faɗo titi ko mai Keke Napep ya yi kwana ba sigina, ba shi da daƙiƙar da zai tuna da wannan.

Haka kuma birkin yake a duk lokacin da makulli ke kashe. Wannan ya sa ake samun faɗuwa tun kafin a hau titi: wajen sauke babur daga bayan mota a kan katako, ko wajen tura shi a gangaren ƙofar gida. Mutum ya matsa birki, babur ya ci gaba da tafiya, ya rinjaye shi.

Akwai kuma ƙa'idar tayarwa. Da an murɗa makulli, na'urar tana gwada kanta na 'yan daƙiƙoƙi, kuma tana buƙatar a saki hannun birki da na ƙafa kafin ta kammala. Wanda ya murɗa makulli yana riƙe da birki, kamar yadda yawancin masu babur suka saba, zai iya fizgar babur da ragowar birki kawai bai sani ba.

Abubuwan da ke kashe shi

Na farko shi ne tsohon man birki. Man DOT 4 yana shan danshin iska a hankali. Ƙa'idarsa ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma in ya sha ruwa zai iya saukowa zuwa wajen 155. Ruwan kuma yana sa tsatsa a cikin ƙananan ƙofofin akwatin birkin.

A wannan tsari hanyoyin mai huɗu ne: biyu daga hannun birki da birkin ƙafa zuwa akwatin, biyu daga akwatin zuwa tayoyi. A yawancin samfuran R, akwatin yana ƙarƙashin tankin mai. Kafin a canza man yadda ya kamata sai an cire tanki, a kan RT ma sai an kwance robobin jiki. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa masu babur da yawa ke tsallake shi. Man da kake gani fes a ɗan kofin da ke kan hannun birki ba ya gaya maka halin da na ƙarƙashin tanki ke ciki.

Na biyu shi ne batir. Famfon yana jan wuta sosai, kuma na'urar ba ta jure raunin wuta. Babur ɗin da ya yi watanni a ajiye, sannan ya yi makonni a cikin kwantena a kan teku, ya ƙara wasu a tashar jirgi, da wuya batirinsa ya iso da lafiya. Wannan yana da fuska biyu. Wani lokaci fitilar gargaɗi tana kamawa ne saboda batir kawai, sabon batir ya kashe maganar. Wani lokaci kuma "ai batir ne" shi ne abin da ake rufe babbar matsala da shi.

Na uku shi ne tiyon birki. Yawancin samfuran 1150 da tiyon roba suka fito. Bayan shekaru, robar tana kumbura ko ta riƙa ɓarewa ta ciki, gutsattsarin su bi mai su toshe hanya.

Na huɗu shi ne walda. A 2004, ɗan wasan fim Ewan McGregor da abokinsa Charley Boorman sun yi tafiyar da aka yi wa shirin talabijin na Long Way Round, daga Landan zuwa New York ta gabas, a kan R1150GS Adventure. A Mongoliya, ƙarfen jikin babur ɗin mai ɗaukar musu hoto ya karye, aka yi masa waldar lantarki. Bayan waldar, na'urar birkin ta daina aiki, dole aka tura babur ɗin gaba aka saya masa wani ƙaramin babur ƙirar Rasha ya ci gaba da tafiya. Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin a nan duk abin da ya tsage wajen mai walda ake nufa. Idan ka ga alamar walda a jikin babur mai irin wannan birki, ka ninka bincike.

Yadda za ka gwada kafin ka biya

Ba a cinikin biri a sama. Hoto da bidiyon WhatsApp ba sa nuna lafiyar birki. Ga abin da za ka yi idan babur ɗin yana gabanka.

Ka fara gano irin birkin. Shekarar babur kaɗai ba ta isa ba, domin a wasu samfura ABS zaɓi ne, akwai waɗanda suka fito ba shi sam, kuma sauyin tsarin bai zo wa kowane samfuri a lokaci ɗaya ba. Ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka jira 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka matsa hannun birki. Idan ka ji wani kuka siriri na injin lantarki daga ƙarƙashin tanki, to mai famfo ne. Ka taka birkin ƙafa shi ma ka saurara.

Ka nemi a bar maka babur ɗin a sanyaye. Idan ka iso ka tarar an riga an tayar da shi yana ta aiki, ka sa a kashe, a jira, a sake tayarwa a gabanka. A lokacin tayarwa ne raunin batir ke fitowa fili.

Ka kalli fitilun gargaɗi. Da an murɗa makulli dole su kama. Fitilar da ba ta kama ba tun farko ba alamar lafiya ba ce, ta yiwu an cire ƙwan ko an lulluɓe shi ta ciki. A kan masu famfo, fitilar birki tana fara ƙiftawa da sauri yayin da na'urar ke gwada kanta, sai ta koma ƙiftawa a hankali, sannan ta mutu da zarar babur ya fara tafiya kaɗan. Idan ta ci gaba da ƙiftawa da sauri, ma'anarta ragowar birki kawai ke akwai. Kada ka hau da shi titi.

Ka ji ragowar birkin da hannunka. A fili mai shimfiɗe, da makulli a kashe, ka tura babur ɗin a hankali ka matsa birki. Abin da ka ji shi ne abin da zai rage maka ranar da famfon ya tsaya. Gara ka san shi a tsakar gareji da ka fara saninsa a kan titi.

Ka yi gwajin tafiya a wuri marar cunkoso. Ka taka birki sau da dama a jere, a hankali da kuma da ƙarfi. Ka kashe babur, ka sake kunnawa, ka maimaita. Wasu matsalolin ba sa fitowa sai na'urar ta ɗauki zafi.

Ka durƙusa ka duba tayoyi. Zoben sensa kada ya zama a lanƙwashe ko haƙoransa sun karye, abin da kan faru wajen canza taya da ƙarfen ɓanɓara. Wayar sensa kada ta zama an yanke an ɗaure da salatif. Ka duba kaurin takalman birki da faifan birki, ka kuma tabbatar girman tayoyin shi ne wanda kamfani ya rubuta, domin girman da bai dace ba yana rikita lissafin na'urar.

Ka duba fitilar birki ta baya. A waɗannan babura ta cikin akwatin birkin take bi, kuma ƙonewar ƙwanta ko lalacewar ɗan makunnin da ke jikin hannun birki kan tayar da fitilar gargaɗi. Wannan gyara ne mai sauƙi, kuma yana da kyau a kawar da shi kafin a yanke wa akwatin hukunci.

Ka tambayi takardun gyara. Abin da kake nema shi ne shaidar canjin man birki a kai a kai. Idan babu, ka ɗauka ba a yi ba, ka sa kuɗin aikin a lissafinka.

In da hali, a sa masa kwamfuta. Akwai na'urar GS-911 da wani kamfanin Afirka ta Kudu ke ƙerawa domin baburan BMW, wadda ke karanta matsalolin da na'urar ta ajiye. Kafin ka biya kuɗin babur, ka san ko akwai bakanike a garinku mai irin wannan na'ura kuma wanda ya taɓa yin aikin. Idan sai an loda babur zuwa wani gari duk lokacin da fitila ta kama, wannan ma kuɗi ne.

Idan an riga an cire famfon fa?

Masu irin waɗannan babura da yawa a Turai da Amurka, idan akwatin ya mutu, cire shi suke yi gaba ɗaya, su haɗa tiyo kai tsaye daga hannun birki zuwa taya. Idan an yi aikin da kyau, babur yana samun birki na gargajiya mai kama da kyau wanda ba ruwansa da batir. Abin da aka rasa shi ne ABS da haɗin gaba da baya.

Saboda haka kada a sayar maka da shi da kuɗin mai ABS. Ganin zobe da sensa a jikin taya ba hujja ba ce cewa na'urar tana nan. Ka tabbatar fitilar birki tana kamawa da hannu da ƙafa, kuma a kan samfuran R1200 ka tabbatar mitar gudu tana aiki, domin ta wannan akwati take samun bayanin gudu. Ka kuma duba haɗin tiyo ko yana tsatsafar mai. Aikin birki ba wurin gwajin koyo ba ne.

Sauran babura masu ABS

Ga baburan BMW na bayan 2007, matsalar da aka fi sani ita ce maƙalewar gawayin da ke cikin ɗan injin na'urar ABS. Fitila za ta zauna a kunne, ABS ya daina aiki, amma birki yana nan daram. Tsofaffin na shekarun 1990 kuma an san su da tayar da fitilu idan batir ya yi rauni wajen tayarwa, nan ma birki ba ya tafiya.

Haka yake ga yawancin baburan Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki masu ABS: matsalolin da aka fi samu su ne sensa mai datti, waya da ta yanke, fiyus da ya ƙone ko tsohon mai. Ƙurar hunturu da laka ta damina suna taruwa a bakin sensa, kuma sau da yawa gogewa kawai take buƙata.

Abu ɗaya da ya kamata mai bin hanyar ƙauye ya sani shi ne, a kan yashi ko tsakuwa ABS na iya ƙara tsawon tazarar tsayawa, shi ya sa babura irin su GS ke da maɓallin kashe shi. Ka gwada maɓallin shi ma.

Bayan an yi ciniki

Idan babur ya wuce gwaji kuma ka saya, aikin farko ba fenti ba ne ko sabuwar salansa. Sabon batir mai ƙarfin da kamfani ya rubuta, sai canjin man birki a dukkan hanyoyin da DOT 4 daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, sai canza tiyon roba in har na asali ne.

Ka kuma tsaya a kan bakanike wajen zuba mai. A samfuran R1200, man da ake zuba wa kulochi daban yake da na birki, kuma in aka yi kuskuren zuba shi a birki zai kumbura robobin ciki ya lalata su.

Idan kuwa fitilar tana ƙiftawa da sauri, an sa sabon batir ba ta daina ba, kuma dillali yana cewa ƙaramin abu ne, zaɓi biyu gare ka. Ko dai a rage kuɗin gyaran daga farashi bayan bakaniken da kai ka kawo ya faɗi abin da zai ci, ko ka bar musu kayansu ka nemi wani. Ko ma wanne ka zaɓa, kada ka tuƙa shi zuwa gida a haka. A loda shi a mota, kuma wajen saukewa a samu mutum biyu ko uku su riƙe.